Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

 Ya ku 'yan makaranta, samari da 'yan mata, ku tattaro hankalinku wuri ɗaya, domin yau faɗa na zo yi. Abokin faɗan nawa kuwa wata al'ada ce da ta yi kaka-gida a darasin Turanci, tun daga sakandare har kwaleji. Watau a ba yaro insha'in da wani ya rubuta, ya haddace shi, ran jarrabawa ya juye shi a takarda, a ba shi maki, a ce ya iya Turanci. Ni na ce bai iya ba. Na kuma ce duk wanda ba a koya masa ya faɗi abin da ke cikinsa ba, ko an ɗura masa ƙamus dukansa, bebe ne a fagen rubutu. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Bari in fara da inda muke, don a san kan wa maganar ta faɗa. Wanda ya bar birnin Kano ya bi hanyar Katsina, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, ko ya bi hanyar Daura ya ratsa Dambatta, ya san ƙasa ce wadda ba a bar ko kamu ɗaya ba a nome ba. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida. In uba ya rasu aka raba gonarsa tsakanin 'ya'ya, kowa sai ya tashi da 'yar ƙurya wadda ba ta ciyar da gida shekara. Saboda haka a wurinmu karatu wata gona ce ta biyu. Manomi yakan sayar da buhun wake, ko tunkiyar da matarsa ta kiwata, ya biya wa ɗansa kuɗin kwaleji, ko ta ilmi ta Tarayya da ke Bichi, ko ta aikin gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ko ta share fagen shiga jami'a da ke cikin birni.

Irin waɗannan kwalejoji na kusa da gida su ne tsanin talaka. Amurka ma tana da irinsu, na shekara biyu, an fara kafa su tun 1901 a wani gari da ake kira Joliet, kuma a can kusan kowane sabon ɗalibi sai ya yi darasin rubutun insha'i. Mu ma nan haka ne, ko me mutum ya je karanta a kwalejin horon malamai, lissafi ne ko aikin gona, tilas ya yi darasin Turanci na kowa da kowa. Bayan shekara uku ya karɓi takardar NCE, a tura shi firamaren ƙauye, a danƙa masa ƙannenku. To, kun ga abin da aka shuka a kwaleji shi za a girba a kowace firamare daga Kunchi har Minjibir. In malami da hadda ya fito, hadda zai koyar, abin ya zama gado.

Yadda Cutar Take

Ku da kanku kun san alamunta. A ce wa aji su rubuta labarin ranar da ba za su manta ba, sai ka tarar da yawansu rana ɗaya suka gani, hatsarin mota ɗaya suka yi, asibiti ɗaya suka farka, har kuskuren harafi ɗaya suka yi a layi ɗaya. Yaron da bai taɓa wuce Kazaure ba sai ya ba ka labarin yadda ya sha iska a bakin teku. Wanda hunturu ya fasa wa ƙafa da kaushi sai ya rubuta maka zubar ƙanƙara mai laushi, domin ita ya tarar a littafin da ya kwafa. In wasiƙa ce, kowa da alƙalamin zinariya yake buɗe ta, ko da wurin kawunsa yake neman kuɗin sabulu.

Alama ta biyu ita ce son manyan kalmomi. An sa wa yara a rai cewa gwanin Turanci shi ne wanda in ya yi magana ba a gane ba. Sai yaro ya tsinto kalma mai gaɓa biyar ya dasa ta inda mai gaɓa ɗaya ta isa, kamar mai ɗaura wa jaki sirdin alkali. A karanta takardarsa daga sama har ƙasa, a tambaye shi da Hausa me yake nufi, sai ya sunkuyar da kai.

Alama ta uku a darasin adabi take. An sa littafi a manhaja, amma ba a karanta littafin, sai 'yar takardar taƙaitawa da ake sayarwa, mai jera sunayen mutanen labarin da jigoginsa ɗaya, biyu, uku. Wannan daidai yake da a ba mai jin yunwa sunayen kayan miya a takarda a ce ya ƙoshi. Yanzu kuma ga waya ta zo ta ƙara wa Borno dawaki, ana kwafowa daga intanet, har akwai manhajar da za ka ba ta kan magana ta zubo maka insha'i kafin ka kurɓi ruwa.

Wani zai ce, ai Malam, jarrabawa muke so mu ci, in ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a. Gaskiya ne. Amma ku dubi yadda ake rabon makin. A jarrabawar WAEC ana son insha'in da ya kai kalma 450, makinsa kuwa 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na yadda aka tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kuɓuta daga kurakuran nahawu da haruffa da alamomin rubutu. Mai hadda yana tafe ne bisa fatan tambayar da ya haddace za ta fito. In ta karkace kaɗan, sai ya tura amsarsa da ƙarfi inda ba ta shiga, ya zubar da makin farko. In ya manta jimla ɗaya a tsakiya, igiya ta tsinke, tsari ya watse. In ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da nasa Turancin, wanda bai taɓa motsa shi ba, sai ɗinkin ya fito fili kamar farin zare a baƙar riga. Ashe ko don jarrabawar ma hadda caca ce. Bayan jarrabawa kuwa babu wanda zai haddace maka takardar neman aiki, ko rahoton da shugabanka ya ce ka rubuta, ko ƙorafin da mutanen ƙauyenku za su ce kai ne ɗan boko, rubuta mana mu kai ƙaramar hukuma a gyara mana rijiya.

Tushen Cutar

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke sa yaro ya ari labarin wani shi ne an sa masa a zuciya cewa nasa bai isa a rubuta ba. Yana ganin Turanci harshen bene ne da jirgin sama, ba ya ɗaukar zancen taki da jaki da rumbu. Wannan kuwa ƙarya ce, ga kuma shaida.

Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'a a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana yawo cikin gonakin nan namu yana aunawa yana tambaya. Tun 1965 shi da abokin aikinsa suka buga bincike a kan ƙasar da ke kewaye da Kano da mutanenta. Abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne yadda jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Asirin kuwa kowane ɗayanku ya san shi: takin dabbobi da toka da shara da ake kai wa gona da rani, da jakunan da kan kai itace birni su komo da mangalar taki, da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, da harawar da ake adana wa tumaki, da barin gawo da ɗorawa a tsakiyar gona. Wata Baturiya kuma, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafi a 1972, ta zo Dorayi kusa da Kano ta fitar da wani a 1977. Da Turanci suka rubuta, ana karanta su a jami'o'in duniya.

Kai, ga wadda ta fi wannan. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ba ta taɓa shiga aji ba. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, na aure da kishi da goyo da ƙawance da zamanin hare-haren bayi da zuwan Turawa. Aka juya shi Turanci aka buga a 1954, har yau masu nazarin Afirka ba su bar karanta shi ba. Me tsohuwar nan take da shi wanda ɗan kwalejinmu ba shi da shi? Ta san abin da take faɗi, ta kuma faɗe shi bi da bi, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne insha'i, saura duk tufafi ne.

To, baƙi su taso daga ƙetaren teku su cika littattafai da abin da ke bayan gidanku, ku kuwa a ce ku cika shafi biyu ku ce ba abin faɗi? Haba samari! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ya fi ku sanin zullumin manomin da ya yi binne, ruwa ya yi yayyafi ya ɗauke? Wa ya fi ku sanin yadda ake ciniki a Dawanau, da abin da dillali ke ci, da dalilin da ya sa wake ke araha da kaka ya yi tsada da bazara? Ga noman rani a bakin madatsar Watari ta Bagwai da ta Tomas, ga shekarar da tumatir ya yi kwantai. Ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Ga rabon gado da ya raba 'yan'uwa, ga wan da ya tafi cin rani Legas bai komo ba. Ku tambayi kakanninku farin 1973, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, da yadda dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya isa insha'i, ya isa ƙagaggen labari, ya isa wasan kwaikwayo.

Ko adabin Turancin da ake gudu, ɗan manomi ya fi kowa kusa da shi in an bar shi ya karanta. Littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, labarin manoman doya ne. A cikinsa akwai saurayin da ubansa bai bar masa komai ba, ya je ya ari iri wurin wani mai hali, shekarar kuwa ta zo da fari, bayansa ruwa ya yi yawa. Ɗan Makoda ba ya bukatar takardar taƙaitawa kafin ya san abin da ke zuciyar saurayin nan. Haka Burning Grass na Cyprian Ekwensi, na 1962, labarin Fulani makiyaya ne, irin waɗanda ke sauka a gonakinmu bayan girbi.

Abin Da Magabata Suka Yi

Ba yau aka fara koya wa 'ya'yan Hausawa Turanci ba. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ta kuwa yi suna wajen Turanci mai kyau. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano. Sa'an nan ga Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ku lura, Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa kuwa malami ne a Midil ta Bauci. Watau samari ne sababbin fita kwalejin horon malamai, tsararrakin yayyenku.

Shin rubutun Hausa ya ɓata musu Turanci? Tafawa Ɓalewa shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da sunan Nijeriya, saboda daɗin Turancinsa har ana ce masa mai muryar zinariya. Shaihu Umar ɗin da ya rubuta yana saurayi an juya shi Turanci a 1967, an yi fim ɗinsa a 1976. Tun kafin su ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da Larabci da Fillanci da Hausa take talifi, babu harshen da ya kori wani daga bakinta. Tunani ɗaya ne, harsuna ƙofofinsa ne. Wanda ya iya jera magana a harshe ɗaya ya yi rabin aikin jera ta a na biyu.

Amsa Ga Masu Musu

Na san akwai masu jira in numfasa su yi mini ca. Bari in tare su ɗaya ɗaya.

Na farko zai ce, ai Imam ɗin da kake yabo shi ma aro ya yi, Magana Jari Ce cike take da labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa. Haka ne, ba wanda ya musa. Amma aron iri dabam, aron dami dabam. Imam ya karanta Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da sauransu, ya ɗauki irin ya shuka a ƙasarmu, ya yi masa noma, har ya fito da sarki da waziri da sarkin zagi da ɓarayin kasuwa waɗanda kowane Bahaushe zai rantse ya san su. Ko akun da ke cikin littafin nan ya san abin da yake faɗi, ya san wanda yake faɗa wa, ya san dalili. Ku yi irin aron Imam, ku karanta da yawa, ku ga yadda gwanaye ke buɗe magana da rufe ta. Abin da na hana shi ne sungumar damin wani a kai rumbu.

Na biyu malami ne ɗan'uwana, zai ce tunani da Hausa shi ke sa yara su yi Turancin da aka fassara kalma da kalma. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma maganin da ake ba ta, watau tarar mai yin Hausa a aji, ba ya warkarwa. Bahaushe da kalma ɗaya yake jin magana, ya ji wari, ya ji sanyi, ya ji Larabci, Turanci kuwa kowanne da kalmarsa. Muna shan ruwa, mu sha ƙwayar magani, mu sha iska, mu sha wahala. Muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci amana. A wurinmu mota mace ce, gida namiji, Turanci kuwa ya ware wa abin da ba mutum ba wakilin suna nasa dabam. Mu a ƙarshen suna muke liƙa alamar sananne, mu ce yaron, rigar, su kuwa a gaban suna suke ajiye tasu. Waɗannan su ne ramukan da yaranmu ke faɗawa. Yaya za a nuna wa mutum rami in an hana ambaton hanyar da ramin yake? A ajiye harsunan biyu gefe da gefe a allo, a ce ga yadda muke faɗi, ga yadda suke faɗi. Yaron da aka yi wa haka zai ɗauko ma'ana daga Hausa ya bar kalmomin a gida.

An ma gwada abin a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci kuwa aka koya musu shi a matsayin darasi, a hannun ƙwararrun malamai. Da aka auna su da waɗanda aka juya wa harshe tun suna ƙanana, ba su gaza ba ko a Turancin, a wasu fannoni ma sun wuce su. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta zartar a koyar da 'yan firamare da harshen gida, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka ce a koma Turanci. Wannan ya ƙara wa maganata nauyi. In da Turanci malamin ƙauye zai koyar da lissafi da kimiyya, wane hali yara za su shiga in shi kansa Turancin hadda gare shi, wanda ba ya lanƙwasuwa ya bayyana abu ta hanya biyu?

Na uku ya zo ta ɗaya gefen, zai ce to a watsar da Turancin mana, harshen masu mulkin mallaka ne. Wannan gardama manya sun yi ta tun taron marubutan Afirka na Makerere, a Uganda, a 1962. Ngugi wa Thiong'o na Kenya daga baya ya koma rubuta labaransa da harshen Kikuyu, Achebe kuwa ya riƙe Turanci ya tanƙwara shi ya ɗauki kayan Ibo. Kowannensu da hujjarsa. Amma ni ba zan ce wa ɗan talakan Tsanyawa ya yar da Turanci ba, alhali da shi ake jarrabawar shiga jami'a, da shi aka rubuta tsarin mulki, da shi ake karatun likita da na injiniya. Wanda ya ba shi wannan shawara, ku bincika, nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi. Mai hannu biyu ba ya yanke ɗaya don ɗayan ya fi ƙarfi.

Ku dubi amfanin riƙe biyun. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, amma ta rubuta Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. Da aka sami wanda ya ji harsunan biyu, Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero, ya juya shi Turanci, aka buga a Indiya a 2012, sai ga duniya tana karanta zaman gidan Kano. Abubakar Adam Ibrahim kuwa da Turanci ya rubuta Season of Crimson Blossoms, amma labarin wata gwauruwa Bahaushiya ne da mutanen unguwarta, ya kuwa ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, dala 100,000. Babu ɗayansu da ya ari bakin teku ko ƙanƙara.

Na huɗu shi ne wanda na fi tausaya wa, malamin da zai ce ɗalibai sun yi yawa, hannu ɗaya ba ya gyara takardun ɗaki cike da mutane kowane mako. Mu da muke riƙe da alli mun san wannan ba ƙarya ba ce, alhakinsa kuwa yana wuyan hukumomin da ke ɗibar ɗalibai ba su ƙara malamai ba. Amma yawan aji bai halatta sayar da takardar hadda ba. A Jami'ar Ayowa ta Amurka, tun 1936 suke koyar da ƙagaggen rubutu ta hanya mai sauƙi: ɗalibai su zauna, a karanta abin da ɗaya ya rubuta, saura su faɗi inda ya yi daɗi da inda ya yi duhu, ya koma ya gyara. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Mai tatsuniya a dandali in ta tsallake wuri, yara ne ke tsayar da ita. Marubutan Kano ma, irin su ƙungiyar Raina Kama, da taimakon juna suka tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma aji guda hannuwa ne da yawa.

Abin Da Nake Nema

Ga malaman kwaleji da na sakandare ina roƙon abu huɗu. Na ɗaya, a daina ba da kan maganar da amsarsa ke kasuwa ko cikin waya, a ba da wanda sai an je an gani, ko an tambayi tsoho, kafin a rubuta. Manhajar nan mai zubo insha'i ba ta halarci rabon gonar gidanku ba, ba ta san abin da kakarku ta ci a shekarar fari ba. Na biyu, kowane mako a yi rubutu, ko da rabin shafi ne, a karanta shi a ƙungiya ta mutum biyar ko shida, a sake rubuta shi. Rubutun da ba a sake ba kamar gonar da aka yi wa firi ne aka hana ta maimai. Na uku, malamin Hausa da na Turanci su daina zaman kishiyoyi, su riƙa ba da aiki ɗaya, yaro ya rubuta da wannan ya juya da wancan. Na huɗu, littafin da aka sa a manhaja a karanta shi daga bango zuwa bango, ko da kwafi ɗaya ne a aji, a riƙa karɓa-karɓa ana karantawa a bayyane.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku jira sai an gyara manhaja, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa ya nemi ɗan littafin rubutu, kullum ya sa layi biyar na abin da idonsa ya gani ran nan. Kafin ku rubuta insha'i, ku faɗa wa ƙanenku abin da kuke nufi da Hausa. In bai gane ba, ku ma ba ku gane ba tukuna, kada ku ɗora wa Turanci laifi. Ku zaɓi gajeriyar kalmar da kuka sani bisa doguwar da kuke zato. Jimlarku mai ɗingishi, wadda malami zai sa wa jan alƙalami ku gyara, ta fi muku amfani bisa shafi guda na wani wanda ba kuskure, domin taku za ta warke ta yi gudu, ta aro kuwa ranar da mai ita ya karɓe abinsa tsirara za a bar ku. 'Yan mata kuma ku sani tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, ƙofa ce wadda kakanninku ba su samu ba.

Iyayenku sun iya sa 'yar gona ta ciyar da gida shekara da shekaru, don sun san ƙasarsu, suna kuma yi mata hidima kullum. Haka harshe yake, na gida da na waje. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ga na kauce, malami ne ko ɗalibi, ga fili ga mai doki, ya rubuto wa Edita a buga kowa ya gani. Sharaɗi ɗaya ne kawai, ya rubuto da kalmominsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Haza wasalam.